Farin da Ba a Shafawa

Mai Fenti a kan tsani ya yi rayuwarsa, rola a hannu, bokiti a rataye. A sana'arsa babu abin kunya kamar ka sauko a nuna maka wurin da ka tsallake. Shafi biyu yake yi, in bango ya yi taurin kai ya ƙara na uku. Da gwiwa ta ƙi tsani ya dawo gida ya zauna, sai ya tarar da abin da ya fi ciwon gwiwa: idon matarsa na tafiya. Likita bai ɓoye musu ba. Ya ce ɗan ganin da ya rage ba zai daɗe ba, yanzu ma haske da duhu take rarrabewa, sai manyan abubuwa in ta kawo su kusa.

Inna, haka kowa ke kiranta har shi, ba ta yi kuka ba, tsiya ta yi masa. Ta ce ya ƙarar da ƙarfinsa yana ƙawata gidajen mutane, ita ko hoton kaza bai taɓa zana mata ba. Da wasa ta faɗa, tana laluben murfin tukunya. Shi kuwa maganar ta tsaya masa a rai, ya ƙudurta sai ta ga zanensa kafin idon ya rufe.

Matar ɗansu malamar zane ce a makarantar yara. Sai da ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar iyayenta har da ta maƙwabtansu, kafin ya iya buɗe baki ya ce ta koya masa. Washegari ta zo da akwatin fentin ruwa, da buroshi mai laushi, da takarda mai kauri. Ta liƙe gefen takardar da tef a kan katako don kada ta kumbura, ta ajiye kofin ruwa biyu, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya mai tsabta. Ta nuna masa yadda ake jiƙa takarda, a ɗiga launi, a bar shi ya yi tafiyarsa. Ana farawa da mai haske, in ya bushe a ɗora mai duhu.

Tsakar gidansu ya zaɓa, da igiyar shanya da fararen zannuwan gadon Inna a kai. Ya duba akwatin, ya tambayi inda farin yake.

"Baba, ai ba a shafa fari," in ji ta, kanta a ƙasa. "Takardar ce farin. Kewaye shi ake yi, a bar shi haka."

Ya ce to, amma a ransa ya ce yaran zamani sun mai da lalaci ilimi. Ya yi shafin farko, tana ba da baya ya bi takardar da shafi na biyu, ya ga jirwaye ya ƙara na uku. Shuɗi ya shiga ja, ja ya shiga kore, tsakar gida ta koma taɓo. Sai ya ɗauko ragowar farin fentin bango a ƙarƙashin gado ya lafta a inda zannuwa suke. Da ya bushe ya tsattsage, ya yi fari-fari mai datti kamar tsohon alli.

Haka ya kai wa Inna. Ta karɓa, ta ce kai, ya yi kyau, Allah ya yi albarka. A juye take riƙe da zanen, sama a ƙasa. Ya fita ya zauna a kan bokitin da ya kifa, kunya da tsoro suka rufe shi. Yabon nan ya fi zagi ciwo, don ya gane duhu kawai ta gani.

Ya ɓata takardu ba kaɗan ba bayan nan. Hannunsa ya iya komai ban da tsayawa. Duk sanda ya kai buroshi zai gyara, sai surukar ta yi gyaran murya ta ce, "Baba, a ɗan sha shayi tukuna." Ya sha shayi a makonnin nan har cikinsa ya gaji. A hankali ya koyi duban takarda ta gefe, ya jira sheƙin ruwa ya ɗauke. Ya koyi tsane buroshi a tsumma. Inna kuwa ta fara bin bango da hannu in za ta fita, ya ga lokaci ba ya jiransa.

Wata hantsi ya shimfiɗa shuɗi sau ɗaya, ya kewaye zannuwan yana cije leɓe. Ya sa inuwa mai duhu a bayansu, ya zauna a kan hannuwansa har ta bushe. A idonsa aikin bai ƙare ba, rabin takarda tsirara. Ya ɓare tef ɗin duk da haka.

Inna na zaune bakin taga. Ya miƙa mata zanen, ya ɗage mata labule. Ta kawo takardar har tana taɓa hancinta, ta yi ta dubawa, har ya sha jinin jikinsa.

"Zannuwana ne," ta ce. "Amma wa ya yi shanyar nan? Na tsakiya na jan ƙasa. Ni ban taɓa shanya haka ba."

Dariya ta ƙwace masa, hawaye ya biyo ta. Ya ce laifinsa ne, ta kawo ya sake wani. Ya miƙa hannu, ta janye takardar zuwa ƙirjinta.

"Bar mini kayana. Ban gama gani ba."

Ta sake ɗaga ta zuwa haske. Gwiwarsa na zugi, hannunsa ya gaji da riƙon labule, amma ya gyara tsayuwa bai saki ba.