Abin da Zazzaɓi Ya Bari a Hancin Ishraga

Kwana tara zazzaɓi ya yi a jikin Ishraga, da zai tafi kuma sai ya tafi da hancinta. Wata biyu ba ta jin ƙanshin komai, ko albasa ce ta kama a kasko sai ta ga hayaƙi take sani. Ta yi ta roƙon Allah ya dawo mata da shi. Ya kuwa dawo, sai dai ba wanda ya tafi ba ne. Gahawar da maƙwabta ke soyawa ta koma mata kamar roba a wuta, nama kuwa kamar an buɗe kwata. Wannan duk mai sauƙi ne, mutum ba ya mutuwa don yana cin kisra, wainar dawar nan mai faɗi, da nono. Abin da ya hana ta sukuni shi ne mijinta, Mudassir.

Masassaƙin jiragen ruwa ne a Abu Rof, unguwar Omdurman da ke bakin kogin Nilu. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma ba don kyau ta aure shi ba, ga kunnuwa nan kamar faifai. Ranar da ya zo gyaran ƙofar gidan mahaifinta ne ya gitta ta gabanta tana karatu, ta shaƙi wani abu, gumi ne da ɗanyen icen bagaruwa da zafin rana, da wani abin da ba ta taɓa cin karo da sunansa a littafi ba. Sai ta tarar layi ɗaya take ta maimaitawa. Shekara biyu da aure, in tana wanki rigar aikinsa ce ta ƙarshe, don ta ɗan jima a hannunta.

Yanzu kuwa tun daga ƙofar gida warinsa ke riskar ta in ya shigo. Kifin da ya kwana uku a rana, shi take ji. Ya yi wanka, bai yi ba, duk ɗaya.

Ta yaya mace za ta buɗe baki ta faɗa wa mijinta wannan? Ta juya maganar a ranta ta kowace fuska, ba ta sami fuskar da ba za ta ƙare a gidan ubanta ba.

Sai ta lura hayaƙin icen talha, wanda matan garin ke turara jiki da shi, shi kaɗai zazzaɓin bai taɓa ba. Ta share ramin turara jiki da ke bayan madafa, ta zuba garwashi, ta shimfiɗa tabarma mai huda a tsakiya, ta lulluɓa da bargon ulu ta zauna har gumi ya wanke ta. In ta tashi, hayaƙin na manne a fatarta da hancinta, sai ta iya zama kusa da shi su ci abincin rana. Ba wai ba ta san me hayaƙin matar aure ke faɗa ba in ya tsallake katanga. Duk Omdurman an sani, kiran miji ne. Ba ta da wata dabarar ne kawai.

Rana ta shida Gwaggo Awadiyya, ƙanwar mahaifin Mudassir, ta leƙo ta kan gajeriyar katangar da ta raba su.

"Ke 'yar nan, kwana shida a jere? Ki ji tausayin ɗan mutane mana, da gatari yake aiki. In gyangyaɗi ya sa ya sare ƙafa, ke za mu kama."

"Gwaggo, ciwon gaɓoɓi ne, tun zazzaɓin nan."

"Ciwon gaɓoɓi. Ni ma irinsa na yi, 'ya'ya takwas ya bar min."

Mudassir ma abin da ya karanta kenan. Ya fara tashi daga aiki da wuri, yana shigowa da basbusa mai zaƙi a takarda da wani murmushi da yake ƙoƙarin ɓoyewa. Ita kuma yau kai ne, gobe baya, jibi barci. Kwana shida tana kiransa da hayaƙi tana mayar da shi da baki. Murmushin ya yi ta raguwa, har ya kai in sun zauna cin abinci tire yake kallo.

Ranar Alhamis ya dawo kafin la'asar. Ta ji shi a bayi yana ta kwara ruwa, ya fito, ya sake komawa. Tana zaune a bakin gado tana jira. Ya shigo da farar jallabiya, ya zauna kusa da ita.

"Malama," ya ce, haka yake kiranta saboda littattafanta, "yau ina ne ke ciwo? In sani tun yanzu."

"Babu ko'ina, Usta," ta ce, yadda ake kiran gwanin sana'a a garin.

Ya sunkuyo ya sa fuskarsa a wuyanta. Ta riƙe numfashi. Ta ƙirga goma, ta ƙirga ashirin, ƙirjinta ya fara zafi, ta ce a ranta kaɗan kawai za ta shaƙa, ta baki. Bai yiwu ba. Ta ture shi ta fita a guje, ta durƙusa gindin lemon tsami, duk abin da ta ci ya dawo.

Kan Gwaggo Awadiyya ya bayyana a katanga. Ta dubi Ishraga, ta dubi Mudassir da ya biyo ta da buta, fuskarta ta washe.

"To, ga amfanin ciwon gaɓoɓi. Allah ya raba lafiya. Kai kuma matsa can, mai ƙaramin ciki ba ta son warin miji, ni sai da na kori nawa wata uku." Kan ya ɓace.

Mudassir ya tsuguna, ya ajiye butar. "Da gaske ne?"

Ishraga ta kuskure baki a hankali, don ta sami lokaci. Ga ƙofa an buɗe mata. In ta gyaɗa kai kawai, ta sami wata uku ba mai tambayarta, shi da kansa zai riƙa nisa da ita yana murna. Bayan wata ukun fa? Ta dubi yadda idonsa ya cika da haske.

"Ba ciki ba ne," ta ce. "Kai ne."

Ta faɗa masa duka, tana kallon ƙasa, maganar na fita a hargitse, gahawa, nama, likitar da ta je gani a ɓoye. Ya ɗaga hannu ya sansana hammatarsa.

"Sau biyu na yi wanka."

"Ba daga jikinka ba ne. Hancina ne."

"Kamar me nake?"

"Don Allah kada ka tambaye ni."

"Faɗa."

"Kifi."

Bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi bayan madafa, inda ragowar hayaƙi ke tashi siriri.

"Ashe ba kirana ake yi ba. Korata ake yi, kamar sauro."

"Don in iya zama kusa da kai ne, Usta. Wallahi don haka ne."

"Yana warkewa?"

"Ta ce wasu wata shida, wasu shekara. Wasu kuma..." Ba ta ƙarasa ba.

Ya miƙe ya shiga ɗaki. Ta kasa kunne ko za ta ji buɗe akwati, ta fara tunanin abin da za ta ce wa mahaifiyarta. Sai ga shi ya fito da kujerar roba. Ya ɗebi ƙasa da yatsu uku ya saki, ya kalli inda iska ta kai ta, ya zagaya can ɓangaren ya ajiye kujerar ya zauna.

"Daga nan fa?"

Ta ɗan shaƙa, a tsorace. "Kaɗan."

Ya ja baya. "Nan?"

"Nan babu."

Ya auna tsakaninsu da ido, yadda yake auna katako. "Taku biyar," ya ce, muryarsa ba daɗi, ba kuma faɗa. "Gobe mu gwada huɗu."

Ta gyaɗa kai, ba ta san ko gobe za ta iya ba. A bayan katanga suka ji ƙofar Gwaggo ta buɗe ta rufe, takalmanta na sauri zuwa gidan surukar Ishraga, za ta kai albishir.