Akwatin Tsakiya

Shekara ashirin da biyu Uwar Alli ta yi a tsaye bakin teburin duba yadi a masaƙa. Yadi na wucewa ƙarƙashin fitila, ita kuma tana bin sa da ido da tafin hannu. Duk inda zare ya tsinke ko rini ya ɓaci, sai ta ja ɗan layi da alli, ta lanƙwasa wutsiyarsa sama. Daga nan sunan ya bi ta. Aikin ya cinye mata gwiwoyi, amma da katin asibitin ma'aikata take karɓo maganin mijinta, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara huɗu ke nan.

Ranar da aka kafa kyamara a saman teburin, aka ce ƙirƙirarriyar basira ce za ta koyi aikin, kowa ya ɗaure fuska ban da ita. Maƙwabciyar teburinta, wadda ake kira Rediyo don bakinta ba ya hutawa, har tsaki ta ja.

"Yaya, abin nan kabarinmu yake haƙawa, ke kuma kina goge masa ido da bakin mayafi!"

"Ɗalibata ce," in ji Uwar Alli. "Ba ta makara, ba ta gulma. Ke fa?"

Wata bakwai tana koya mata. In na'urar ta tsallake aibi, sai ta danna jan maɓalli ta nuna mata wurin, har da ɗan faɗa kamar mai yi wa jika. Son abin take yi tsakani da Allah. In ta koma gida ma labarin ɗalibar take ba maigidan tana ba shi abinci a baki.

Sai manaja ya tara masu duba yadi. Uwar kamfani da ke ƙetare ta aiko da tambayoyin gwada hali. Cikin su tara, uku za a bari, waɗanda halinsu ya dace da aiki da na'ura. Aka miƙa wa kowa kwamfutar hannu. Kowace magana da akwati biyar a gabanta, daga "sam ban yarda ba" zuwa "na yarda ɗari bisa ɗari".

Maganar farko ta ce, "Na fi yawancin abokan aikina ƙwarewa." Kunya ta kama Uwar Alli kamar an faɗa da ƙarfi a gaban mutane. A gidan da ta tashi, yaron da ya yabi kansa harara kawai yake samu, ta ishe shi har dare. Ta san ta fi su, kowa ma ya sani, amma ita ce za ta faɗa da bakinta? Ta danna akwatin tsakiya.

"Ina rungumar sabon abu nan take." Tsakiya.

"Ba na fargabar gobe." Ta tuna mutumin da ta bari kwance, ta danna ba ta yarda ba.

"Ina amincewa da hukuncin na'ura ba tare da na sake dubawa ba." Nan har murmushi ta yi. Wace malama ce ba ta duba aikin ɗalibarta? Ta danna "sam".

Rediyo kuwa minti uku ta gama. "Na ƙarshen na yi ta dannawa, ko karantawa ban yi ba," ta raɗa mata. "Su can haka suke so, mutum ya bugi ƙirji. Ke me kika sa?"

"Gaskiya na sa."

"Wayyo, Yaya."

Bayan sati biyu manaja ya kira ta ofis. Bai iya haɗa ido da ita ba, takarda ya yi ta kallo. Sakamakon ya ce ita mai ɗari-ɗari ce, mai yawan fargaba, marar yarda da kanta, kuma ba ta amince da fasaha ba. Ba ta cikin ukun da za a bari.

"Ranka ya daɗe, ni fa na koya mata."

"Na sani, Mama. Wallahi na sani, har rubuta musu na yi. Suka ce tambayoyin nan an gwada su a ƙasashe da yawa, ba a canza wa mutum ɗaya."

Ta so ta ce duk masaƙar nan babu mai idonta, amma ko yanzu bakin ya ƙi buɗuwa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Katin asibitin fa?"

"Ƙarshen wata zai daina aiki."

Ranar ƙarshe ta tsaya ta ga wucewar yadi. Rediyo, wadda aka bari, tana kan kujera a gaban na'urar tana sharar hawaye, ko kallon yadin ba ta yi. Can na'urar ta tsayar da shi cak. A allon kwamfuta, daidai inda zare ɗaya ya tsinke, ɗalibar ta ja ɗan farin layi, ta lanƙwasa wutsiyarsa sama.

Da la'asar Uwar Alli ta isa gida. Ta juya maigidan, ta gyara masa matashi, ta zazzago ƙwayoyinsa a tafin hannu. Tara suka rage. Ya dube ta, ya ja maganar da ƙyar ta karkataccen bakinsa.

"Ya... ɗalibarki?"

Ta mayar da takwas cikin kwalba, ta ɗago kansa ta ba shi ruwa.

"Ta iya," ta ce. "Ta iya sosai."