Kifin Oleta

Tun da aka binne matarsa Oleta cikin sanyi, Verlin bai zubar da hawaye ko ɗigo ba. Matan coci su kawo wake da burodin masara, ya ci, ya wanke kwano ya mayar, bai san ko da gishiri ba. Da 'yarsa Ardith ta zo daga jihar Ohio ta ce ya tattara ya koma wurinta, sai ya ce to, kamar an ce masa miƙo ashana.

Ana gobe tafiya, sanyi ya fara janyewa, ya fito da tsohon taru daga rumfa.

"Baba, me kuma za a yi da wannan tsumman?"

"Zan duba ko kifin uwarki yana nan."

Kifin nan bai kai ɗan yatsa ba, ba ya ciwuwa, ba ya ko iyon kirki. Kwanciya yake a kan tsakuwa, ka matso ya yi wuf ya shige ƙarƙashin dutse. Amma duk jiharsu ta Kentucky, in ji Oleta, babu shi sai a rafin bayan gidansu da wanda ke bayan tudu. Yana da wani ɗan'uwa da ya cika kowane rafi, girma ɗaya, zanen jiki ɗaya. Abin da ya raba su jan layi ne a ƙayar bayan namijin, wanda ke fitowa in sanyi ya wuce. Bara masu gyaran hanya sun cika rafin da laka, Oleta ta kwanta ciwo tana tambayar ko kifin ya rayu. Verlin ya ce mata zai duba.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya kafa taru a ƙasan ruwa, ɗaya ya taho daga sama yana shurin duwatsu. Ardith ta riƙe sandunan tarun tana ɗaga kafaɗa don sanyi, shi kuwa ya taho yana tirje-tirje.

"Wallahi Baba, in wani ya gan ka sai ya ce giya ka sha."

"Riƙe da kyau, 'yar birni. Ƙasan tarun ya taɓa ƙasa."

Ruwan kamar ƙanƙara, amma ko a jikinsa. Ɗagawar farko ganye ne da ƙaguwa. Suka sake, suka sake, har leɓen Ardith ya fara rawa. Can sai ga wani ɗan abu yana tsalle a cikin ragar. Verlin ya zuba shi a kwalba da ruwa, ya ɗaga ta sama ta fuskanci rana, kifin ya baje ƙayarsa.

Sai ya yi abin da ya saba yi tun suna amarya da ango: ya ɗauke kai daga kwalbar ya dubi fuskar mai riƙe da taru. Verlin dai tun haihuwa idonsa ba ya raba ja da kore, duka toka-toka yake gani. Bai taɓa ganin layin nan ba. Oleta ce ke leƙawa, in nasu ne ta washe baki ta ce ga mutumin, in ɗan'uwan ne ta taɓe baki ta ce ɗan cin arziki ne, a zubar.

Ardith ta leƙa, ta juya kwalbar, ta sake leƙawa.

"Akwai wani abu a ƙayar. Ja ne ko ruwan lemo, ban tantance ba. Mama ba ta taɓa nuna mini ba." Ta ɗago tana kallonsa. "Shi ne, Baba?"

Verlin ya sake duban kwalbar. A nan ya ji sanyin ruwan ya kama ƙafafunsa, ya hau gwiwa, ya tsaya masa a ƙirji. Kewar Oleta ce, sai yau ta iso.

"Ban sani ba," in ji shi. "Ita ce ta sani."

Ya durƙusa ya karkata kwalbar. Kifin ya kwanta a kan tsakuwa kusa da takalminsa, Verlin ya zuba masa ido har ruwa ya cika idon ya daina gani.