Tikitin da Nafeesa ta buɗe

A kamfanin su Abdulmajeed da ke Durumi ba a kawo ƙorafi da baki. Ko manhajar ta kama da wuta, sai ka shiga shafin da suke tara matsaloli a intanet, ka buɗe tikiti, ka jira. Kuma doka ce, wanda ya buɗe shi kaɗai ke rufewa, bayan ya gwada gyaran da kansa. Manhajar tasu ta tuna wa marasa lafiya ranar ganin likita ce. Abdulmajeed ke rubuta ta, Nafeesa ke gwadawa, tana tono masa kurakurai kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Tikitinta na ƙarshe gajere ne: a sa wurin da za a nuna mutum ya rasu, don saƙo ya daina zuwa wa iyalansa. Abdulmajeed ya karanta, ya maƙala masa "ba gaggawa", ya wuce. Lokacin aikin ma'aikatu ke ta shigowa, kan kowa na hayaƙi, wa ke ta matattu?

Da damina ciwon sikilarta ya tashi. Ta kwanta, kwanciyar ke nan.

Sai bayan an share makoki ya gano abin da ta yi. Wajen gwaji, maimakon sunan ƙarya, nata ta saka, da lambar mahaifiyarta. Duk Litinin wayar Umma sai ta yi ƙara: Nafeesa na da ganin likita gobe. Aikin da ya yi watanni yana ɗagewa, kafin la'asar ya gama shi. Saura kawai ya danna "ta rasu" a gefen sunanta, amma ya ga ya kamata ya fara zuwa Karu wurin Umma ya ba da haƙuri.

Ya durƙusa ya ce, "Umma, ku yi haƙuri da saƙon nan. An gyara, ba zai ƙara zuwa ba."

Ta daɗe tana juya wayar a hannunta.

"Wa ya ce ka gyara, ɗan nan? Masu gaisuwa sun watse. 'Yan'uwanta ma yanzu marigayiya suke cewa. Wayar nan ce kaɗai ta rage mai kiran ta da sunanta."

Ya yi mata sallama ya fita. A mota ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Washegari shugabansu Edward ya tsaya a kansa. "Abdul, close that ticket mana. Mutanen ministry na zuwa, ina son allon nan fes."

"Oga, ba ni na buɗe ba."

Edward ya dubi kujerar Nafeesa da ba kowa a kai, ya koma ofishinsa.

Abdulmajeed bai taɓa sunanta ba. Tikitin na nan a shafin, yana jiran Nafeesa ta gwada. Ranar Litinin wayar Umma ta yi ƙara.