Mutum Na Sha Uku

Ka kalli bidiyon nan, kada ka ce ba ka kalla ba. Matasa goma sha biyu 'yan ƙasarmu, da takalman hawan dutse da sanduna, sun fito daga Makka da kaka, zafi ya ɗan lafa, za su taka hanyar Hijira a ƙasa har Madina. Ka ce masha Allah, ka tura wa 'yan uwa. A bayansu akwai wani dattijo mai silifas, ya saɓa jarkar ruwa a kafaɗa. Ka gan shi sarai, ka kau da kai, kamar yadda kake kau da kai daga irinsa a tashar Kudai duk sanda ka je Umra.

Sunansa Ja'afaru. Shekara ashirin da uku ke nan da ya zo aikin Hajji daga wani ƙauye a ƙasar Sakkwato, bai koma ba. Ba shi da ikama, wato takardar zama, don haka duk inda za shi a wajen gari ta bayan duwatsu yake bi, ya kauce wa shingen bincike. Da haka ya haddace kowane kwari da kowace rijiya. Saboda wannan sanin ne Mudassir, shugaban tafiyar, ya ɗauke shi jagora, kuma ya san ba shi da takarda. A ƙofar ɗakinsu a unguwar Ka'akiyya ta Makka, a gaban Hajara matar Ja'afaru, Mudassir ya dafa ƙirji ya ce, "Mama, amanarmu ne. Ƙafarmu ƙafarsa."

Da hantsin rana ta biyu suka yada zango a inuwar wani dutse. Ja'afaru ya tsuguna yana ɗaure wa Mahadi, ɗaya daga cikin matasan, ƙafa, don sabon takalmi ya tasar masa da bororo.

"Baba, agogona ya ce na yi taku dubu goma sha takwas," in ji Mahadi. "Kai nawa kake yi a rana?"

"Ni silifas ɗina bai iya magana ba, Alhaji."

Aka kwashe da dariya. Mujahida, yayar Mahadi, likita ce, ta ce, "Baba, wannan ɗaurin naka ya fi nawa. A ina ka koya?"

"A jikina, 'yata."

Da suka tashi, ba su yi nisa ba sai ga kwalta ta gitta gabansu. Ja'afaru ya ja ya tsaya. Ya nuna ƙasa da haɓa.

"Ba a tsallakawa nan. Akwai kwalbati can gaba, mu bi ta ƙarƙashi. Rabin sa'a ne kawai."

"Rabin sa'a!" in ji Mudassir. "Baba, dubi ƙafafun mutane. Ga allon nan kuma an rubuta Madina, nan ya kamata mu ɗauki hoto. Mu da bizarmu, me za mu ɓoye?"

"Ku kuna da ita, Alhaji."

"Kana tsakiyarmu, wa zai kula da kai? Yalla, mu je."

Ja'afaru ya dubi titin, ya dubi jarkar. Ruwan kowa yana kafaɗarsa. Shekara ashirin da uku bai taɓa taka kwaltar nan da rana ba. Ya yi bisimilla ya bi su.

Suna jere a ƙarƙashin allon, kowa ya ɗaga sanda, motar sintiri ta faka a gefe. Jami'in da ya fito matashi ne, mai fara'a. Ya duba fasfo ɗaya bayan ɗaya yana sa musu albarka. Ya zo kan Ja'afaru.

"Ikama, ya Hajji?"

Ja'afaru ya sauke jarkar a hankali.

Jami'in ya juya ga Mudassir. "Tare kuke?"

Mudassir ya yi karatu, ya san abin da ke kan wanda ya sa marar takarda aiki. Ya share gumi ya ce da Larabcinsa na makaranta, "A hanya muka haɗu da shi."

Jami'in ya dubi jarkar. Tambarin tafiyarsu yana manne a jikinta, irin wanda ke rigar kowannensu. Ya sake tambaya, a hankali wannan karon, "Babu wanda ya san shi a cikinku?"

Mujahida ta buɗe baki. Mahadi ya ja gefen mayafinta. Ta rufe.

Kada a ce na yi ƙarya: ko da sun ce nasu ne, wataƙila da an tafi da shi duk da haka. Amma da ɗaya ya bi motar. Da an san inda aka kai shi. Mutum goma sha biyu masu takardu, masu digiri, masu waya a hannu, a kan hanyar da suka ce sun fito koyon amana da abota, aka rasa mai cewa "Ni na san shi"!

Ja'afaru bai kalli Mudassir ba. Da Hausa ya yi magana, ƙasa-ƙasa, kamar mai addu'a.

"'Yata, wayarmu ɗaya ce, tana hannun Hajara." Ya karanto lambar sau biyu, Mujahida tana rubutawa a tafin hannu. "Ki ce mata kada ta fito nemana. Ita ma ba ta da takarda." Sannan ya ce, "In kun sauka kwarin nan, ku bi hagu. Dama ba ruwa. Kada ku bari yaron nan ya cire ɗaurin."

Aka buɗe masa bayan mota, ya shiga. Su kuma suka bi hagu, suka sami ruwa.

Mudassir ya hana a kira. Ya ce kira yana barin sawu, a bari sai an bar ƙasar. Kafin su kai Madina gumi ya wanke lambar, Mujahida ba ta kwafe ta a takarda ba, don ta san in ta kwafa sai ta kira. Suka koma gida, aka tarbe su a filin jirgi da kabbara.

Hajara ba za ta iya shiga kowane ofis ta yi tambaya ba. Lambar Mudassir ta daina shiga. A lissafinta kwana goma sha biyar ne tafiyar. Yau wata biyu. Ba ta san ko yana tsare ba, ko an mayar da shi ƙasarsu, ko ƙishirwa ta kashe shi a wani kwari.

Kai kana da fasfo, kana da baki, jirginka na Umra yana nan tafe. Ka shiga tasi zuwa Ka'akiyya, bayan gidan burodin 'yan Sudan, ƙofa ta uku mai shuɗin fenti. Ka yi sallama, ka gaya mata abin da ya faru. Sannan ka ɗauki sunansa, ka je ka tambaya inda ita ba za ta iya zuwa ba. Tashi.