Gadar da ke Shagon Tela

Mai fenti ya sauka daga mota da gwangwani biyu da wata tsohuwar taswira da aka ba shi a ofis. An aiko shi ya shafe gadar ƙauyen, don takarda ta nuna shekara sittin rabonta da fenti.

Sau biyu ya zaga ƙauyen, babu gada, babu ma ruwan da za a tsallaka. Gumi ya jiƙe shi sharkaf. Ya tsaya gaban wata tsohuwa da ke tsince wake a ƙofar gida.

"Sannu Iya. Don Allah ina gadarku?"

"Gada? Ɗan nan, ko rana ce ta buge ka?"

Ya shimfiɗa mata taswirar a tabarma. Ta kanne ido, ta bi wani shuɗin layi da farce, sai ta ture tiren waken.

"Kai, rafinmu ne! Nan majema suke, warinsu har kasuwa. Wannan ɗigon injin niƙa ne, nan babana ya bar yatsa biyu. Waɗannan kuma gidajen masu ginin tukwane, duk sun tashi da ruwan ya ƙafe."

"To gadar fa, Iya?"

Ta miƙe, suka ƙirga taku daga wata tsohuwar rijiya da taswirar ta nuna. Taku na ɗari da arba'in ya kai su tsakiyar shagon tela, mijin 'yarta.

"Ɗaga keken nan," in ji ta. "A kan gada kake zaune."

"Haba Iya, shekara ashirin ina ɗinki a nan!"

"Shi ya sa ba ka rabo da mura."

Maƙwabta suka kawo diga. Ba a yi nisa ba aka ji ƙarar ƙarfe, sai ga ƙarafan gefen gada guda biyu sun ci tsatsa. Mai fenti ya ji daɗi kamar ya yi kuka. Ya kankare su, ya shafa musu ja har shafi biyu, tela na tsaye rungume da yadin mutane.

Tun fenti bai bushe ba mutane suka daina zagayawa ta bayan shago. Ta ƙofar gaba suke shiga su fita ta baya, har da awaki, wai ba a barin gada a bi ta ruwa.

Bayan wata guda ofis suka sake aiko mai fenti da wasiƙa: an naɗa tela mai gadin gada. Ya miƙa masa usur da rigar iyo. Tela ya jujjuya rigar, ya ce ɗinkin hammatar bai yi ba, ya zauna ya farke ta.