Takalmin Dama na Yaya Suwaiba

Jiya da dare na yi wani mafarki, wai na koma 'yar shekara goma sha biyar, ni da na gama jami'a har na yi bautar ƙasa. Na tsinci kaina a wani gari da aka zana da biro da fenti, irin na littattafan jarumai masu tashi sama da ƙanena yake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Garin ɗaki-ɗaki ne, kowane ɗaki an kewaye shi da baƙin layi. In za ka je kasuwa, sai ka ɗaga ƙafa ka tsallake layin, shi ke nan ka iso. Ruwan sama kuwa daga ƙasa yake tashi ya tafi sama, shi ya sa ƙasar garin kullum a bushe take, da zafi kamar kaskon tuya. Ban yi mamakin komai ba.

Jarumar unguwarmu yayata ce, Yaya Suwaiba. Tana tashi sama, mayafinta yana kaɗawa a bayanta. Ni ce mataimakiyarta, aikina riƙe mata takalmi, domin a garin rashin tarbiyya ne mutum ya bi ta saman kan dattawa da takalmi a ƙafa. In za ta tashi sai ta tuɓe, in tsugunna in ɗauka. In za ta sauka, in riga ta zuwa wurin in jera mata. Duk jaruman haka suke, kowa da yaronsa ko yarinyarsa a ƙasa, rungume da silifas, kai a sama. Ina son aikin, don ba ya buƙatar magana.

A garin, in mutum ya yi magana, farin balan-balan ne yake fita daga bakinsa da rubutu a ciki. In tunani ya yi, gajimare ne yake tsayawa a kansa, kowa ya karanta. Ni ban cika fitar da balan-balan ba. Gajimare ne nawa, kuma nakan jawo shi in cusa a ƙarƙashin mayafi.

Sai ga ni a wani ofis. Bunsuru ne a bayan tebur, da tabarau, yana taunar igiyar tarho. A gefena Mardiyya ce, 'yar kawunmu da ta dawo gidanmu da zama bayan ƙaramar sallah. An zana mata riga irin tawa sak, sai dai fentin tata bai fita daga layi ba.

"An ƙara wa Suwaiba mataimakiya," in ji bunsurun. "Ƙafa biyu gare ta, ku ma ku biyu ne. Ke Raliya hagu, ke Mardiyya dama."

Na so in ce, ranka ya daɗe, ai ni ma hannu biyu gare ni. Gajimarena ya motsa a cikin mayafi.

"Dama!" in ji Mardiyya. "Na gode, Baba Bunsuru, Allah ya ƙara wa gemu tsawo!" Balan-balan ɗinta ya kumbura har ya tsayar da fankar sama.

Daga nan na gane cewa ɗakin zane ba ya ɗaukar mutum uku. Yaya a tsakiya, Mardiyya a gefenta, ni kuwa baƙin layin ya yanke ni, gwiwar hannuna ce kawai a ciki. Haka muka yi ta tsallakawa ɗaki bayan ɗaki. Daga wajen layi ina ganin komai. Na ga Yaya ta ɓare gyaɗa, ta hure ɓawon, ta zuba wa Mardiyya a tafin hannu, yadda take zuba mini tun ina firamare. Na ga yadda Mardiyya take riƙe takalmin da yatsa ɗaya tana lilo da shi, ba ta ma san maɗaurinsa ya kusa tsinkewa ba.

Wani yaro, Ɗanliti, mai riƙe wa jarumin unguwar mahauta takalmi, ya leƙo daga ɗakin da ke sama da namu.

"Raliya, ashe an raba gadonki kina raye?"

Na sunkuyar da kai. Mayafina ya ƙara nauyi.

Sai ihu ya tashi. Ɓarawon inuwa ya shigo gari. Wani siririn mutum ne, yana bin gindin itatuwa yana naɗe inuwarsu kamar tabarma, yana sawa a hammata. Tsofaffi na zaune a gindin darbejiya, rana na dukan tsakiyar kansu.

Yaya ta tuɓe takalmi ta tashi. Mardiyya ta ajiye na daman a ƙasa don ta samu hannun tafi.

"Yaya, ta bayanki! Ba shi a ƙeya! Yawwa, 'yar halak!"

"Na ji ki, ƙanwata!" in ji Yaya daga sama.

Ƙanwata. Na duƙa a hankali, na ɗauki takalmin dama, na tura shi cikin gajimarena, na gyara mayafi. Ba wanda ya gani, don gwiwar hannu ba a kallonta.

An gwabza a sama. Manyan baƙaƙe suna faɗowa, TIM da FAU, ɗaya ya fasa wa wata mata tulu. Daga ƙarshe ɓarawon ya ɗaga gefen shafi ya shige na gaba da inuwar garin gaba ɗaya. Yaya ta juyo a gajiye za ta sauka. Ƙasa ta yi zafi har wata kaza ta yi ƙwai ya fito dafaffe. Kuma kowa ya sani, jarumin da tafin ƙafarsa ya ƙone ba ya sake tashi har abada.

Na jera takalmin hagu, shi kaɗai.

"Ina ɗayan?" in ji Yaya, tana reto a saman kanmu.

Mardiyya ta duba ƙasa, ta duba hammatarta, ta duba bakin Ɗanliti. "Wallahi nan na ajiye shi, Yaya." Balan-balan ɗinta ya tsuke ya koma kamar lemon tsami. Abin da na so in gani ke nan, amma da na gani ban ji daɗin da na zata ba.

Yaya tana yin ƙasa kaɗan-kaɗan. Mayafinta ya daina kaɗawa. Ta naɗe ƙafafunta kamar mai zaman cin tuwo, duk da haka tana sauka. Na ce a raina bari in fito da shi. Sai na tuna gyaɗar, hannuna ya ƙi ɗaguwa.

Gajimaren ne ya gaji da ni. Ya yage mayafin ya fito, baƙi ƙirin, ya hau sama ya bazu har ya rufe ɗakuna huɗu. Ga rubutu ɓaro-ɓaro a jikinsa: NI CE ƘANWARTA UWA ƊAYA UBA ƊAYA. NI NA SAN ƘAFARTA TA DAMA TA FI TA HAGU GIRMA. GYAƊAR TAWA CE. Ga kuma takalmin yana lilo a tsakiya.

Na rufe fuska ina jiran a yi mini dariya. Shiru. Da na buɗe ido, sai na ga mutane suna tahowa da tabarmi. Ashe a duk garin, inuwar gajimarena ce kaɗai ta rage. Mai shayi har ya kafa tebur. Wata tsohuwa ta taɓa ni da sanda.

"'Yar nan, ƙara kishin kaɗan ta wannan gefen, jikana yana rana."

Ƙasa ta huce. Yaya ta sauka a cikin inuwar, ƙafa ba takalmi, lafiya lau. Ta ɗaga kai ta karanta rubutun tun daga farko, leɓɓanta suna motsi. Mardiyya ma ta karanta, tana share hawaye.

"Haba Yaya Raliya," ta ce, "da kin ce kina so ai da na bar miki. Wari ma yake yi."

"Takalmin nawa ne yake wari?" in ji Yaya.

"Kaɗan."

Yaya ta juyo gare ni. Ta miƙa hannu waje da layi, ta kama gwiwar hannuna, ta jawo ni ciki. Ɗakin ya yi ƙara kamar tsohon gado, amma ya ɗauke mu mu uku.

"Kullum gwiwar hannunki nake gani," ta ce. "Na ɗauka kin gaji da bina ne. Na karanta abin da ke sama, amma gajimare ba ƙanwata ba ce. Faɗa mini da bakinki."

Duk garin ya yi tsit, har mai shayi ya daina fifita wuta. Na buɗe baki. Wani balan-balan ya leƙo, ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Ya kai girman gyaɗa. Ya kai girman goro. Harafin farko ya fara fitowa a cikinsa, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Takalmin Yaya Suwaiba ne a kan simintin tsakar gida. Gari ya waye, rana har ta shigo ta taga. Ina jin ta tana cewa, "Mardiyya, yi sauri mana, kasuwar za ta cika. Ki bar Raliya, ba ta son fita."

Na shafa saman kaina. Babu gajimare, babu abin da wani zai karanta. Na tashi zaune.

"Yaya!" Na ƙwala mata kira. "Ku jira ni."

Ƙwas-ƙwas ɗin ya tsaya.

"Ikon Allah," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Ashe bakin yana aiki. To nemo takalminki."